In demarer ɗin motarka ya fara gardama

Da farko kar ka yi saurin ɗora ma demarer (abin da ke juya injin ya tashi) laifi, zafin Maraɗi yana cin batir sosai. Kunna fitilu ka murɗa kile, in suka dushe kuma kana jin "tak tak tak" da sauri to batir ne ko kos ɗinsa, wato ƙarfen da ke maƙale waya a kan batir. Cire kos, fara da na mas (mai alamar -), ka goge farin garin nan da ya taru da burushin ƙarfe ka ɗaure tam. In akwai mita auna, cikakken batir volt 12.6 yake nunawa.

Fitilu garau amma "tak" ɗaya kawai? Sa motar a pon mor, ja birkin hannu, wani ya murɗa kile ya riƙe kai kuma ka ɗan bubbuga jikin demarer da ƙarfe, a hankali fa, akwai maganaɗisu a cikin wasu, yana fashewa. In ta tashi to galibi sharbon ne, wato ƴan gawayin da ke cikin demarer, suka cinye, a kai ma mai lantarkin mota ya canza, ba sai an sayi sabo ba.

In demarer yana juyawa "wiiii" injin bai motsa ba, bendis ne, wato ɗan ƙarfe mai haƙora na demarer da ke kama injin ya juya shi.

Kuma kar ka wuce sakan 10 kana murɗawa, bar shi ya huce tukuna.