Yadda Za Ka Tsara Lokacinka Bisa Salon Aikin Clint Eastwood

Yawancin masu kukan ƙarancin lokaci a Bauchi, tun daga ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke rubuta kundin kammala karatu har zuwa telan Kasuwar Wunti, mutane ne masu himma. Abin da ke cinye musu yini shi ne shiga aiki ba tare da shiri ba, da kuma maimaita abin da ya riga ya yi kyau. A kan waɗannan abubuwa biyu akwai darasi a wurin Clint Eastwood, daraktan finafinai na Amurka, wanda aka haifa a 1930, ya fara ba da umarni a 1971, kuma ya fitar da fim a 2024 yana da shekara 94. Ya shirya finafinai kusan 40, kuma an san shi da gama ɗauka kafin wa'adi ba tare da ya wuce kasafin kuɗi ba.

Ka fara da yanke shawara tun kafin gari ya waye. Eastwood yana isa wurin ɗauka ne ya riga ya san abin da yake nema, shi ya sa fim ɗinsa Million Dollar Baby, wanda ya ba shi kyautar Oscar, bai kai kwana 40 ana ɗaukarsa ba. Kai ma bayan sallar isha'i ka rubuta aiki ɗaya da lallai gobe sai ya kammala, sannan ka tanadi kayansa: littafi a buɗe a shafin da za ka fara, yadi a goge, waya da kwamfuta a cike da caji tun da sauran wuta. Ka sanya aikin tsakanin asuba da hantsi, kafin zafin rana ya taso kuma kafin a fara sallama a ƙofar gida. Ziyara, gaisuwar ta'aziyya da dubiya haƙƙi ne da ba a yasar da shi, amma mafi yawansu suna iya jira har bayan la'asar.

Abu mafi wuya shi ne sanin inda za ka tsaya. Wasu daraktoci sukan sa ɗan wasa ya maimaita fitowa ɗaya sau da yawa, shi kuwa Eastwood sau ɗaya ko biyu ya ishe shi, sai ya wuce gaba. Wannan ɗabi'a tana canza halin kowa a wurin, domin wanda ya san ba za a ba shi dama goma ba, da shirinsa yake zuwa. Ɗalibin da ya shafe makonni yana gyara babi na farko alhali bai taɓa na uku ba yana ganin ƙwazo yake yi, amma a ganina tsoron shiga sabon babi ne ke riƙe da shi. Ka ƙayyade wa kanka zagaye biyu: na farko ka rubuta har ƙarshe ba waiwaye, na biyu ka gyara, daga nan ka miƙa wa malamin da ke duba aikin, wanda dama gyaran da zai yi daban ne da wanda kake zato.

Haka kuma Eastwood ya riƙe ma'aikata ɗaya shekaru da dama a kamfaninsa na Malpaso, irin su Joel Cox mai tace hoto, don haka ba ya ɓata lokaci wajen bayani. Ka riƙe mai keke ɗaya, mai buga takardu ɗaya, da wuri ɗaya na zama.

Sai dai gaggawar tana da nata tabon. A fim ɗinsa na 2014 an yi amfani da 'yar tsana a matsayin jariri, masu kallo suka gane, aka yi ta yi masa dariya. Saboda haka ka ware ayyukan da ba su gyaruwa bayan an yi su, kamar yankan shadda mai tsada, tura kuɗi ta waya, ko cike sunanka a fom ɗin jarrabawa. Waɗannan ka auna su sau biyu ko uku, ka kuma yi su da safe idonka na buɗe, ba da daddare a hasken tocila ba.