Jinyar kyanwa a gida idan magani ya ƙare

Kyanwarmu ta shekara 14 a gidanmu a Garwa kafin ƙodarta ta gaza. Ta dinga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Likitan dabbobi ya duba ta ya ce, "Hajiya, sai dai a sauƙaƙa mata." Sati biyar na yi ina jinyarta.

Don Allah, kada ku ba ta farasitamol, ko da ɓari ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta, kuma da wahala. Ibuprofen ma ƙoda yake ci. Maƙwabciyata ta kawo mini da kyakkyawar niyya, na yi godiya na ajiye. Maganin raɗaɗi sai wanda likita ya rubuta.

Ruwa ne babban aiki. Na sayi sirinji a famasi, na cire allurar, ina ɗiga mata ta gefen baki kaɗan-kaɗan, ina jira ta haɗiye kafin in ƙara. Kada a ɗaga kanta sama a ɗura, za ta ƙware, ruwan ya shiga huhu. Abinci kuwa, kifin Binuwai nake dafa mata ba gishiri ba albasa, in cire ƙaya, in ba ta da ɗumi-ɗuminsa don ƙamshin ya ja ta. Ranar da ta kau da kai, na ƙyale ta.

Jinyar ta faɗo a Afirilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Na shimfiɗa mata tsohon zani kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Da ta kasa tashi, sai ina juya ta ɗaya ɓarin duk bayan awa uku saboda gyambon kwanciya. Ku riƙa duba ƙarƙashin wutsiya safe da yamma, ku goge da ruwan ɗumi, ku tsane sosai. Ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fito.

In ta fara numfashi da baki a buɗe, ko jijjiga, ku kira likita a take, ku tambaye shi batun allurar da ke hutar da ita, wato ta ƙarasa ta ba tare da wahala ba. Ni na tuntuɓi malaminmu tun da wuri, don kada shawarar ta riske ni cikin ruɗani.

Da asuba ta cika, hannuna na kanta. Muka haƙa rami mai zurfi a gindin darbejiya, muka ɗora dutse saboda karnuka.