Daga Agege zuwa Sabon Ibadan: yadda ake kafa ƙungiyar kiɗan rok a fita yawon wasa da ita

Ƙannena da ke tare ni a bakin shagon ɗinkina a Agege kuna tambayar yadda muka fara, ga amsarku a rubuce. Ni ne mai kaɗa gitar bas a ƙungiyarmu. Mu huɗu ne, duk haihuwar Legas, kuma abin da zan gaya muku da hannuna na taɓa shi.

Ku fara neman mai ganga. Masu gita sun cika gari, amma wanda zai riƙe kiɗa minti biyar bai yi gaggawa ba bai ja ƙafa ba, shi ne mai wuyar samu. Namu jikan makaɗin kalangu ne, kakansa mahauta yake yi wa kiɗa, gangunan bature kuwa ya koye su wajen wani abokinsa Bayarabe da ke kaɗawa a coci. Haɗuwar hannun nan biyu ita ce gishirin ƙungiyarmu. Mai ganga, mai bas, mai gita da mawaƙi sun isa. In kun kai shida, kuɗin mota da na abinci za su cinye ku tun ba ku wuce Berger da ke bakin fita Legas ba.

Kafin ku sayi ko tsirkiya ɗaya, ku zauna ku yi maganar kuɗi, ku rubuta a littafi, a gaban wani babba da kowa ke jin nauyinsa. Wa ya mallaki wane kaya? In mutum ya fita, me zai ɗauka, me zai bari? Waƙar da ɗaya ya rubuta baitinta, wani ya sa mata kiɗa, ta wace ce? Mu kashi biyar muke raba duk abin da ya shigo: kowa ɗaya, na biyar ya shiga asusun ƙungiya, kuma ba a taɓa shi sai don gyaran kaya ko kuɗin hanya. Ba haka muka fara ba. Mai gitarmu na farko, abokina tun muna makarantar allo, mun rabu da shi a kan amfilifaya guda da muka haɗa kuɗi muka saya ba tare da rubutu ba. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa ce kawai, kuma abin yana ci mini rai. Kunya ce ta hana mu yin maganar tun da wuri.

Kaya kuma, kasuwar Alaba da ke Ojo za ku nufa, ku tafi da wanda ya san kan abin. Na hannu ya ishe ku. Kada ku biya sai an jona an kunna a gabanku, kun murɗa kowane maɓalli kun saurara ko akwai ƙara. Ku ɗaga gita ku hangi wuyanta kamar mai duba sanda, in ta lanƙwashe ku ajiye. Manyan sifiku haya ake yi, kada ku zuba jarinku a ciki. Sitabilaiza ta fi muku gita ta biyu amfani, don wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙona amfilifaya. Sannan iskar garin nan da ɗanshi take, tsirkiya ba ta jimawa take tsatsa; ku riƙa goge ta da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa.

Kada ku yi atisaye a gidan haya. Maƙwabci yana da haƙƙi, kuma hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana rufe wurare saboda hayaniya. Akwai ɗakunan kiɗa da ake haya da awa a Surulere da Ikeja. Kowa ya haddace nasa a gida, in kun shiga ɗakin haɗawa kawai za ku yi, don agogo kuɗi yake ci. Mu tsakanin azahar da la'asar muke yi, da an kira salla mu ajiye kaya. Iyaye kuma kada ku ɓoye musu. A gidaje da yawa kiɗa roƙo ne, kuma ba za ku kawar da wannan da musu ba. Ni baitukanmu na rubuta na kai wa Baffa, ƙanin mahaifina, ya karanta, shi ya je ya yi mini magana da Baba.

Ku yi waƙa da Hausa. Na san akwai mai ce muku rok kiɗan Turawa ne, Legas ba ta san shi ba. A farkon shekarun 1970 ɗaliban kwalejin St Gregory's da ke Obalende suka kafa ƙungiyar rok ta Ofege suna 'yan makaranta, ga ƙungiyar BLO a zamanin, ga Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, da ya zo ya kafa situdiyo a garin nan. Ku dubi Nijar kuma: Bombino da Mdou Moctar da harshen Buzaye suka zaga duniya da gitar lantarki, Tal National ta Yamai har da Hausa take waƙa. Ku saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tak, yadda yake maimaita gajeren kiɗa har ya zauna a kunne. Ginshiƙin rok ke nan, muna da shi a gida. Abin lura shi ne karin harshe. In sautin gita ya hau inda kalma ke sauka, “wuya” na jiki sai ya koma wuya ta wahala, Bahaushe kuma ya ji ta a karye. Ku fara faɗar baitin da baki yadda ake magana, sannan gita ta bi shi.

Sai kun tara waƙoƙi takwas naku na kanku, waɗanda za ku yi a jere ba tsayawa, sannan ku nemi dandali. Kafin nan ku je kallo. Ku shiga gidan kiɗa na New Afrika Shrine a Agidingbi, musamman lokacin Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, a watan Oktoba, ku je Freedom Park da ke tsohon gidan yarin Broad Street, ku lura da yadda ake hawa da sauka da yadda ake magana da mai kula da sauti. Bukukuwan Agege da Idi-Araba za su ba ku aikin farko, amma ku rage ƙarar gita, kuɗin liƙi kuma duk ya shiga jaka ɗaya.

Fita waje kuwa, hanyar fatake muka bi, zango zango. Shagamu, Abeokuta, Ibadan, ko'ina akwai Sabo, unguwar Hausawa, akwai ɗan'uwa ko abokin cinikin mahaifin wani. Ku sauka a can, ku kai gaisuwa wurin manyan unguwa, za ku sami tabarma da tuwo, za ku sami masu zuwa kallo. Ku karɓi rabin kuɗin wasa kafin alƙalami tun ba ku ɗora kaya a mota ba. Zuwanmu Ibadan na farko da alkawarin baki muka tafi, aka tashi wasa muka nemi mai shirya taron muka rasa. Wani dattijo mai sayar da goro a Sabo, wanda ya san Baba, shi ya ba mu wurin kwana, kashi na biyar ɗin nan kuma shi ya dawo da mu gida.

In za ku ɗauki shatar danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ku daidaita da direba kan zuwa da dawowa da kuɗin mai. Ku tashi da an idar da sallar asuba, kafin doguwar gadar Kara ta cushe, kada kuma ku yi tafiyar dare. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, da ya fara aiki sosai a 2021, yana tsayawa a Agege, ya dace da mai gita a kafaɗa, sai dai tasharsa ta Ibadan da ke Moniya tana da nisa da cikin gari, ganguna kuma mota ce tasu. Ku riƙe rasiɗin kowane kaya saboda shingen hanya. Ku tambayi girman janaretan wurin tun a waya. Yuni da Yuli kada ku karɓi wasan fili saboda ruwa, azumi hutu ne, bayan salla da Disamba su ne kakarku.

Da an tashi wasa, mutum biyu su tsaya kan kaya, biyu su je karɓar cikon kuɗi. Ku ƙirga wayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe mota, don su ne ke ɓacewa. Kuɗin kuma a daren za a ƙirga shi gaban kowa, a cire na direba, a raba biyar, kowa ya sa hannu a littafi kafin a kwanta.