Kurakuran da manajoji ke yi tsakanin kara da tsare gida

Kuskuren da ya fi yawa wurin manajojinmu a Abuja shi ne kara. Ma'aikaci ya makara yau, ya makara gobe, oga ya gani ya kau da kai, wai kada a ce ba shi da mutunci. Abin yana ta cin sa a rai, sai ranar da tura ta kai bango ya balbale yaron da faɗa a gaban kwastomomi. Shi kuma yaron ya saki baki, don ba a taɓa ce masa uffan ba.

Maganin shi ne magana da wuri, kuma a keɓe. Ka kira shi ofis, ka tura ƙofa, ka faɗi abin da idonka ya gani: "Malam, sau uku ke nan a makon nan kana shigowa bayan tara. Lafiya dai ko?" Kada ka ce masa malalaci, wannan zagi ne. Sannan ka yi shiru ka saurara. Mai fitowa daga Mararaba ko Suleja ba ɗaya yake da mazaunin Wuse ba. Cunkoson hanyar Nyanya kowa ya san shi, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake sauka inda yake ba. Idan uzurin gaskiya ne, a nan kirkinka zai yi aiki: ka matsar masa da lokacin shigowa, ya rama da yamma. Amma lokacin da kuka tsayar ya zama doka, ranar da ya saɓa ka yi magana a ranar. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma matashin manaja da ke jin nauyin direba ko maigadi sa'an mahaifinsa, har ya gwammace aikin ya lalace. Ba sai an kai ga haka ba. Ka gaishe shi da kyau, ka kira shi Baba, sannan ka ce: "Baba, don Allah ƙarfe bakwai motar ta kasance a bakin ƙofa." Girmansa yana nan, umarnin ma yana nan.

Wanda ya fi ɓata ofis, a ganina, shi ne sassauci ga na gida. Ɗan garinku ya yi laifi kun kashe maganar da Hausa cikin raha, Bagwari ko Bayarabe ya yi irinsa an miƙa masa takardar gargaɗi. Kada ka ɗauka ba sa lura. Daga ranar, duk hukuncin da ka yanke son kai za a kira shi, ko da kana da gaskiya.

Masu zafin hannu su ma da nasu. Sukan tsawata wa mutum a zauren WhatsApp na ma'aikata ƙarfe sha ɗayan dare, ko su zaftare masa albashi da sunan horo. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta shafi ƙananan ma'aikata irin su masinja da akawu, ta hana cire tara daga albashi. Ko asara mutum ya jawo da ganganci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Sallama ma da ƙa'idarta: wanda ya yi wata 3 zuwa shekara 2 ana ba shi sanarwar mako 1, mai shekara 2 zuwa 5 mako 2, daga shekara 5 zuwa sama wata 1. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana nan cikin Abuja, kuma takarda take dubawa. Saboda haka gargaɗin farko ka yi shi da baki, na biyu a rubuce da kwanan wata, mutum ya sa hannu, ka ajiye kwafi a fayil ɗinsa.