Yadda Ake Kare Sirri a Burauza Idan Kwamfuta Ɗaya Ake Amfani da Ita a Gida

Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ba ta gane fuska. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar, a wurinta shi ne mai ita. Ƙanwarka za ta buga harafi biyu a wurin adireshi, sai ga sunan ciwon da ka bincika daren jiya ya fito mata. Ba leƙen asiri ta yi ba, burauzar ce ta tona maka asiri.

Mataki na farko, kuma shi ne babba: kowa ya samu asusunsa a kan kwamfutar kanta. A Windows, shiga Settings, sannan Accounts, ka buɗe wa kowa nasa da kalmar sirrinsa. Ta haka tarihin bincike da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza don su tuna da kai) na kowa suna zama a ɓangarensa. Da yawa suna buɗe furofayil daban-daban (wato ɓangaren kowane mutum a burauzar) a cikin Chrome su ɗauka an gama, alhali furofayil raba kaya kawai yake yi, ba shi da makulli. Dannawa biyu ta isa wani ya shiga naka. In za ka tashi ko na minti ɗaya ne, danna maɓallin Windows tare da L, allon ya kulle.

Na biyu, in dole ce ta sa kuke kan asusu ɗaya, kada ka yarda burauza ta ajiye maka kalmar sirri ko lambar katin banki. Duk wanda ya san kalmar buɗe kwamfutar zai iya karanta kalmomin nan ɓaro-ɓaro. Abin da ya fi damuna ma shi ne daidaita bayanai, wato tsarin da ke kwafe abin da burauza ta ajiye zuwa asusun mutum da sauran na'urorinsa. Idan ɗanka ya shiga Chrome da asusunsa na Google a furofayil ɗinka ya kunna wannan tsari, abin da ka ajiye zai iya haurawa asusunsa, har ya bayyana a wayarsa, shi ma bai san ya kwaso ba.

Na uku, binciken da ba ka son a gani, yi shi a tagar sirri, wadda ba ta ajiye tarihin bincike: Ctrl+Shift+N a Chrome da Edge, Ctrl+Shift+P a Firefox. Sai ka rufe dukkan tagogin sirrin kafin kukis ɗin su goge. Fayil ɗin da ka sauke kuwa yana nan daram, sai ka goge shi da hannunka. Kamfanin da ke ba ku intanet ma tagar ba ta rufe masa ido.

Kafin ka miƙa kujera, ka fita daga imel da Facebook da gaske, domin rufe shafi ba fita ba ne. WhatsApp na kwamfuta ya fi kowa kama mutane a nan: duba jerin na'urorin da aka haɗa a wayarka, ka cire wadda ka manta. Sannan danna Ctrl+Shift+Delete, ka zaɓi tsawon lokacin, ka share tarihi da kukis. Ka sanar da mutanen gida tukuna, don sharewar za ta fitar da su ma daga asusunsu.