Yadda ake gane ko babbar lamba tana rabuwa

Shekara da shekaru ina koyar da lissafin yamma a Mabera, nan Sakkwato, kuma kuskure ɗaya ne ke kayar da yaran da ke shirin WAEC. Ka ba yaro 9,991 ka ce firam ce, wato lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta? Zai gwada 2, 3, 5 da 7, ya ga duk da saura, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba ta rabuwa." Alhali 97 sau 103 ce.

Fara da duba wutsiyarta. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, magana ta ƙare. In 5 ce, biyar ta raba ta. Sai ka tara alƙalumanta: 9, 9, 9 da 1 sun ba da 28, uku ba ta shiga 28 daidai, to ba ta shiga 9,991.

Ga 7, 11 da 13 dabara ɗaya ta isa, domin in ka ninka su uku 1,001 za ka samu. Yanke alƙaluma uku na ƙarshe, ka ɗebe abin da ya rage a gaba: 991 a cire 9, saura 982. Cikin ukun babu mai raba 982, saboda haka duk sun fita.

Wurin da ake faɗuwa shi ne sanin inda za a tsaya. Kafin ka taɓa kalkuleta, nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ɗan haura taka. A nan 100 ce, tunda 100 sau 100 dubu goma ne. Iyakarka ke nan. Dole ka bi duk firam da ke ƙasa da 100, su 25, kada ka tsallake ko ɗaya. Dalilin kuwa, masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kuma ƙaramin ba ya wuce wannan iyaka. A 9,991 ƙaramin shi ne 97, na ƙarshe a jerin, shi ya sa nake son ba da ita. Rubuta su 25 ɗin a bangon littafinka. Ni ba na duba aikin wanda bai rubuta ba. Kuma kada ka matsa wa baba sai ya sayo kalkuleta mai tsada, ƙaramar ta 'yan tireda ta wadatar.

Mai ido zai lura cewa 9,991 dubu goma ce ba tara, wato 100 sau 100 a cire 3 sau 3, sai ka cire 3 daga 100, ka kuma ƙara 3 a kan 100, 97 da 103 su fito nan take.

Sauran, wato sanin ko lamba gajiyayya ce ko kammalalliya, ba wuya. Ka tara masu raba 9,991 ban da ita kanta: 1, 97 da 103 sun ba da 201. Bai kai ta ba, sai a ce gajiyayya ce. Da ya zo daidai da ita, kamar yadda yake a 6, 28, 496 da 8,128, da kammalalliya ce.