Babi na Shida: Yadda Ake Kashe Kachalla a Fadama

Darasi na 1: Ku san ciyawar

Wannan babi na masu noman rani ne da masunta. Ku bi shi a hankali, layi-layi. Wanda wata kalma ta tsaya masa ya tambaya, ba abin kunya ba ne.

Kachalla ita ce doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa, wasu suna ce mata geranya. Takan fi mutum tsawo. A samanta akwai kai mai kama da zangarniyar gero. Idan kan ya nuna sai ya fashe kamar auduga, iska ta kwashi irin ta watsa. Tana kuma rarrafe da saiwa a cikin laka.

Abin da take so shi ne ruwan da ba ya ƙafewa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga haka bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsun jan-baki ya samu makwanci a cikinta yana zuwa cin shinkafa. Mu ma ga madatsar Goronyo a kan gulbin Rima, ga magudanai da ruwa ke kwana a cikinsu. Don haka maganar ta shafe mu.

Darasi na 2: Inda ake yankawa

Wannan shi ne darasin. Ku natsu.

Kachalla tana numfashi ta ganyenta. Yanko ganye ɗaya ka duba cikinsa, za ka ga 'yan ramuka kamar soso. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwa. Idan ruwa ya rufe inda aka yanka, iska ba ta shiga, saiwar ta ruɓe.

To, a yanka a ƘARƘASHIN ruwa.

Ka shiga da lauje ko adda. Kama ciyawar da hannun hagu. Tura laujen cikin ruwa, taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwan. Taƙi shi ne daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan ka buɗe hannu. Nan za ka yanka. Idan hannunka bai jiƙe har wuyansa ba, ba ka kai ba, ƙara yin ƙasa.

Yanzu tsaya ka waiga. Kana ganin kututture ya leƙo saman ruwa? Idan kana gani, koma ka sake. Ba komai, kowa da haka ya fara. Kututturen da ke saman ruwa hanci ne ka bar mata.

A sake faɗa tare: a yanka a ƙarƙashin ruwa.

Malamai, ku yi mini haƙuri, amma sai na faɗa. A aji kowa yakan ce ya gane, a je fadama sai in tarar an aske kan ciyawar daga sama don kada a duƙa. Magidanci da gemunsa, ya wuni cikin rana, ya dawo yana cewa malam, abin nan ba ya aiki. Yaya zai yi aiki? Aski ka yi mata. Ba da daɗewa ba za ta tofo. Mai cinna mata wuta ma haka: ganye ya ƙone, saiwa tana nan cikin laka lafiya lau.

Bayan yanka, kada a janye ruwan. A bar shi ya rufe kututturen makonni da dama. Abin da ya sake tofowa, a sake yanke shi. A ina? A ƙarƙashin ruwa.

Aikin gida: rubuta "a ƙarƙashin ruwa" sau 5.

Darasi na 3: Lokaci

A yanka kafin kan ya nuna ya fashe. A yi gayya, don mutum ɗaya ba ya iya mata, kuma in maƙwabci ya bar tasa, irin zai dawo gonarka.

Darasi na 4: Kula da jiki

Ruwan da ke tsaye yana kawo tsargiya. Sa dogon takalmin roba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti.

Darasi na 5: Abin da aka yanko

A fitar da shi tudu ya bushe. Ana tabarma da shi. A Senegal har gawayi suke yi.